Dan Allah masu harkar dutse ku taimaka, mun gaji gwangwani biyu na duwatsu ba mu san kansu ba

Dan_Akwanga ya rubuta:

Slm jama'a barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar dutse. Babanmu Allah ya jiƙansa ya yi aikin loto, wato haƙar ma'adinai da hannu, kusan duk rayuwarsa, farko a wajen Bukuru yana wankin kuza, da kasuwar kuza ta faɗi sai ya dawo nan ɓangaren Nasarawa Eggon da Keffi yana bin masu haƙar duwatsun ado irin su akwa da tomalin. Watan jiya da aka zo haɗa kayansa don a raba wa magada sai muka ci karo da manyan gwangwanayen Bournvita guda biyu can ƙuryar ɗakinsa cike da duwatsu, kowanne ya naɗe shi da tsumma ko takardar buhun siminti, wasu har da ɗan guntun takarda ya yi rubutun ajami a kai.

Akwai farare tas kamar ƙanƙara masu nauyin tsiya, akwai ruwan bula mai haske dogaye masu gefe shida, akwai baƙaƙe masu layi-layi kamar an ja su da farce, kore guda biyu ƙanana, da wani guntu ruwan hoda ta ciki kore ta waje, sai wasu 'yan ƙyalli launin toka masu kusurwa huɗu. Sannan manya guda biyu da ba su shiga gwangwani ba ya cusa su cikin tsohuwar hula, farin dutse ne kamar dunƙulen hannu ruwan bulan nan ya tsiro a jikinsa kamar yatsa.

Wani dila ya zo har gida ya juye rabi a faranti ya ɗora a sikeli ya ce dubu 60 gaba ɗaya, kuma wai manyan nan biyu sai an cire masa naman, wato ruwan bulan, don shi ba ya sayen ƙashi, wato farin dutsen. Kafin in ce wani abu yayana ya ɗauko guduma ya buga wa ɗaya, ya rabe gida uku. Na biyun na ɗauke na ɓoye, har mun ɗan yi sa-in-sa da shi. Yanzu tambayata, ya zan gane me da me ke nan, in bari a fasa na biyun ko a'a, kuma ina ake kai irin wannan? Na ga a Facebook wai Turawa na sayensu haka nan da uwar dutsen a jiki, gaskiya ne ko labarin intanet ne?

BabaTofas_Jos ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Wlh da na kai wajen gudumar nan sai da na ajiye wayar na yi salati. Kar ka bari kowa ya taɓa na biyun, ko wankewa kar a yi tukuna.

Bari in yi maka bayani yadda za ka gane. Kasuwar dutse biyu ce ba ɗaya ba, amma mu nan ɗaya muka sani. Ta farko ita ce ta rof, wato dutsen yanka. Shi wannan mai saye ba ruwansa da siffar dutse, zai haska tocila ya duba ruwansa, ya duba ko akwai tsaga ko datti a ciki, ya auna giram nawa, ya lissafa abin da zai fita in an kai Bankok ko Jaifur an yanka an goge an sa a zobe. Giram ɗaya karat biyar ne, kuma wajen yanka fiye da rabi ƙura yake zama. To shi wannan ne zai ce maka ba ya sayen ƙashi, kuma a sana'arsa gaskiya ya faɗa. Yawancin 'yan Senegal da 'yan Mali da 'yan Gini da ka gani suna zaune a Jos ko kasuwar Ojoo a Ibadan wannan harkar suke.

Ta biyu ita ce ta dutsen ajiya, wanda suke ce wa sifesimin. Waɗannan ba yankawa za su yi ba, a kabad ɗin gilashi za su jera su sa musu fitila suna kallo, wasu kuma gidan tarihi ne ko jami'a ke saye. Su abin da suke nema shi ne dutse yadda Allah ya halicce shi. Kansa bai guntule ba, gefunansa ba su ci duka ba, yana ƙyalli, kuma in yana zaune daram a kan uwarsa to nan kuɗin yake. Akwa mai tsaga a ciki wanda mai rof zai ture da yatsa ya ce na kilo ne, in kansa lafiya lau yana tsaye a kan farin dutse, mai ajiya zai biya ninkin abin da mai rof zai bayar. Ƙashin da dilanku ya raina shi ne rabin kuɗin.

Ni kaina na yi wannan wautar. Shekarun baya wani yaro ya kawo min tofas fari a kan baƙin kwaz, na sa aka ɓalle min shi don ya yi min nauyi a jaka, na sayar da shi a kuɗin goro tunda farin tofas ba ya tsada a rof. Daga baya wani Bajamushe da ke zuwa Jos ya ga hoton da na ɗauka kafin a ɓalle, ya kama kai ya daɗe bai ce komai ba. Tun ranar ban ƙara sa guduma a kan dutse ba.

Sai maganar takardun ajamin nan. Ka tattara su yanzu yanzu, kar yara su yi wasa da su. Ina kyautata zaton sunan ramin da kowanne ya fito ne ya rubuta. Mai ajiya abin da yake fara tambaya ke nan, daga ina? In ka ce Najeriya kawai, kuɗi ya ragu. In ka ce daga wuri kaza a ƙaramar hukuma kaza, an haƙo shi shekara kaza, ga ma takardar wanda ya haƙo da hannunsa, to magana ta canza. Mahaifinku ya san abin da yake yi, wanda ya naɗe dutse ɗaya-ɗaya ba don sikeli ya ajiye su ba.

Sarkin_Zolaya ya rubuta:

Hhhh malam ka duba ƙasan gwangwanin da kyau ko akwai jan makuri a ciki, in ka samu ka tuna da mu talakawa. Wlh yanzu kowa a TikTok ya tsinci daimon a bayan gidansu, ka ga mutum ya riƙe tsakuwar rafi yana haska mata tocila yana cewa a yi tayi daga miliyan 50. Yayanka dai ya cancanci a ba shi sarautar Sarkin Guduma.

Dan_Akwanga ya rubuta:

Baba na gode Allah ya saka da alheri, jikina ya yi sanyi wlh. Matsalar ita ce waɗanda dilan ya juye a faranti takardunsu sun rabu da su, sun cakuɗe, gwangwani ɗaya ne kawai ba a taɓa ba. Sarkin_Zolaya kai dai Allah ya shirye ka, yayan nawa yana karanta wannan fa.

Maman_Hibba ta rubuta:

Allah ya jiƙan Baba. Ni jiyoloji na karanta, bari in ɗan sa baki a kan yadda za ka fara rarrabe su a gida kafin ka kai wa kowa, don kar a ce maka tofas gilas ne ko a ce maka gilas tofas ne.

Fara da siffa. Mai gefe shida dogo wanda kansa a shafe yake kamar an yanke fensir, dangin beril ne, in ruwan bula ne shi ne akwamarin ɗin da kuke ce wa akwa. Kwaz ma gefe shida ne amma kansa tsini ne, kuma layukan jikinsa a kwance suke. Tomalin layukansa a tsaye suke daga sama har ƙasa, in ka leƙa ta kansa za ka ga kamar kusurwa uku mai kumburi. Baƙin tomalin yana da yawa sosai ba ya wani kuɗi sai in siffarsa ta yi kyau ƙwarai, amma guntun nan mai hoda ciki kore waje shi ake kira tomalin kankana, ka ware shi daban. Fararen masu nauyi kusan tabbas tofas ne tunda ka ce ya yi wankin kuza a Bukuru, a dutsen Filato tare da kuza yake fitowa, masu wanki sun daɗe suna tsintarsa. Shi tofas yana da tauri, 8 yake a ma'aunin Mohs inda kwaz ke 7, safaya 9, daimon 10, gilashin kwalba kuma wajen 5 da rabi, amma duk da taurin nan yana da wata jijiya a kwance da in ya faɗi ƙasa sai ya rabe sumul kamar an yanka sabulu. Don haka ka dinga duba su a kan tabarma ko bargo, ba a kan siminti ba.

Dan Allah kar ka yi gwajin karce a fuskar dutse mai kyau, na ga mutane na goga dutse da dutse ko su sa fayil, wannan lalata kaya ne. Ga gwajin da ba ya ɓata komai. Ka samu ƙaramin sikelin masu zinariya. Ka auna dutsen ka rubuta. Sai ka ɗora kofin roba da ruwa a kan sikelin ka mayar da shi sifili, ka ɗaure dutsen da zare ka zura shi cikin ruwan ya nutse amma kar ya taɓa ƙasa ko gefe, ka rubuta abin da sikeli ya nuna. Ka raba na farko da na biyu. In ya ba ka wajen 2.65 zuwa 2.7 kwaz ne ko beril, wajen 3 da ɗan ɗoriya tomalin, 3.5 tofas, 4 kuwa safaya. Wannan kaɗai zai raba maka bulun tofas da akwa, don a ido suna ruɗar mutane sosai.

Koren nan biyu kar ka yi saurin cewa zumurrudu ne, kar kuma ka yarda wani ya yi saurin ce maka ba shi ba ne. Yankinku da wajen Gwantu a Kaduna an san su da zumurrudu mai haske mai ɗan sirkin bula, kuma an daɗe ana gardama a kansa ko zumurrudu ne ko koren beril kawai, abin da ke raba gardamar shi ne ko akwai kuromiyam ko banadiyam a ciki, wannan kuma sai ɗakin gwaji. Kana iya zuwa sashen jiyoloji na jami'ar Jos ko na Zariya, ko ɗakin gwajin hukumar binciken ma'adinai da ke Kaduna.

Abin da ya fi damuna a lissafinka shi ne masu ƙyallin nan launin toka masu kusurwa huɗu. In suna da nauyi sosai kuma suna da laushi, galena ce, dutsen kwalli, yawancinta dalma ce. Ba laifi a riƙe a wanke hannu, amma kar a daka, kar a niƙa, kar a bar yara su sa a baki. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida. Ka sa su a leda ka ɗaure ka ɗora a sama.

Wanki kuma ruwa da ɗan sabulu da tsohon burushin haƙori ya isa. Ban da ruwan batir, ban da burushin ƙarfe, ban da shafa mai don ya yi ƙyalli, masu saye suna ganewa kuma daga nan sun daina yarda da kai.

Habu_Kristal ya rubuta:

Ni ta intanet nake sayarwa, Instagram galibi, shekara huɗu ke nan, don haka bari in faɗa maka ɓangaren da ba daɗi. Eh gaskiya ne Turawa na saye. Babbar kasuwarsu a Tuson take a jihar Arizona ta Amurka, duk farkon shekara wajen Janairu zuwa Fabrairu gari gaba ɗaya ya zama kasuwar dutse har ɗakunan otal, akwai ta Munik a Jamus a watan Oktoba, kuma akwai 'yan Najeriya da ke kai kaya can. Dutsenmu yana da suna, jan tomalin na Oyo da ya fito ƙarshen shekarun 1990, da mai jan ƙarfe a ciki irin na Faraiba ta Barazil wanda aka samu a nan wajen 2001, da fenakayit na Jos da masu ajiya ke rububi, da safayar Mambila. Amma farashin da ka gani a shafin wani dila a Amurka ba shi ne naka ba, ya bi hannu huɗu ko biyar kafin ya kai can, kowa ya ci nasa, ga jirgi ga kuɗin rumfa ga dutsen da zai shekara uku ba a saya ba. In ka samu kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka gani ka gode Allah.

Kuma ba a yarda da mu da wuri, gaskiya ce mai ɗaci, kuma wasunmu ne suka ja mana. Ana fasa koriyar kwalba a gurza ta da yashi a ce tomalin, ana sayo safayar masana'anta a farfasa a shafa mata jar ƙasa a kai bakin rami a sayar wa baƙo, ana manna akwa a kan uwar da ba tasa ba da sufa gulu a barbaɗa garin dutse a kan gam ɗin. Shi ya sa duk wanda zai sayi na kan uwa sai ya haska masa fitilar da ake duba jabun kuɗi ko ya ɗiga masa asiton. To kar yayanka ya ce bari ya manne wanda ya fasa ya yi shiru. A manne ba laifi, ana sayen wanda aka gyara, amma sai ka faɗa da bakinka kuma kuɗinsa ya sauka.

Hoto ka ɗauka da safe a inuwa, ba filashi, ka sa rula a gefe, ka yi bidiyo kana juya shi a hankali har inda ya guntule ka nuna. Ka shiga Mindat, shafin intanet na bayanan duwatsu, ka rubuta Nasarawa za ka ga hotunan irin naku da sunayen wuraren.

Sai batun aikawa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙasa na gwamnatin tarayya ne, mai saye da sayarwa yana buƙatar lasisi, fitarwa waje kuma sai da takardar izini daga ma'aikatar ma'adinai an biya kason gwamnati. Ni na taɓa aika ɗan kwali ta wani kamfanin aike ba takarda, na rubuta kyauta a jiki, aka riƙe shi, har yau ba kaya ba kuɗi, sai da na mayar wa matar kuɗinta daga aljihuna. Don gwangwani biyu ba sai ka nemi lasisi ba, ka sayar wa mai lasisi a nan gida, amma ka nuna wa mutum uku ko huɗu daban-daban kuma kar ka sayar a dunƙule. Dila na son dunƙule ne saboda dutse biyu ko uku ya gani a ciki, sauran gyara ne.

BabaTofas_Jos ya rubuta:

Habu ka yi gaskiya sai dai kashi ɗaya cikin huɗun nan naka ka cika alheri, wani lokacin ko ɗaya cikin goma ba a samu. Kuma irin kayan tsofaffin nan yanzu wuya suke, tun da aka shiga haukar litiyam ramukan da da ake bi a hankali da cizil yanzu nakiya ake sa musu a loda a tirela, duk wani kristal da ke ciki ya zama gari. Maman Hibba Allah ya ƙara ilimi, gwajin ruwan nan ni da hannu nake yi, in na ɗaga na san tofas, amma na yaro gara sikelin.

Agali_Agadas ya rubuta:

Gaisuwa daga Nijar. Ni abin da zan ƙara, in akwai wani baƙi mai nauyi da maganaɗisu ke kamawa, jikinsa kamar an ƙona an dangwala yatsa, kar ka yar. Mu nan dutsen sama, wato wanda ya faɗo daga sararin samaniya, ake nema cikin hamadar Tenere. Wanda aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, kilo kusan 25, daga duniyar Mars ya fito, kamfanin gwanjo na Sotheby's suka yi gwanjonsa a Niyok a Yulin 2025 sama da dala miliyan 5, mahukuntanmu suka buɗe bincike a kan yadda ya fita ƙasar har aka dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Ku ma kuna da naku, na Zagami da ya faɗo a ƙasar Katsina a 1962, kilo 18, shi ma na Mars ne. Amma fa cikin dubu da ake kawo mana a ce dutsen sama ne, kusan duka tama ce ko kashin maƙera.

Malam_Na_Zaure ya rubuta:

Ban san komai a dutse ba, tunatarwa ce kawai. Wannan kaya dukiyar magada ce, har da mahaifiyarku da 'yan'uwanku mata, ba kai ba ba yayanka ba babu mai ikon sayarwa ko fasawa shi kaɗai. A sa wanda ya sani ya yi musu ƙima a gaban shaidu kafin a raba.

Dan_Akwanga ya rubuta:

Jama'a na dawo, na gode ƙwarai. Malam mun zauna da Inna da sauran, an yarda ba wanda zai ƙara taɓawa sai an yi ƙima, yayana ma ya sauko, shi ne ya aro min sikeli wajen wani maƙerin zinariya. Na yi gwajin Maman Hibba har ƙarfe ɗayan dare, fararen duk 3.5 suke ba ni, dogayen bula 2.7, sai ɗaya cikin bulan da ya ba da 3.5 ashe tofas ne ya ɓuya a cikinsu. Masu launin tokan na ɗaure su na ɗora kan sif. Malam Agali na bi su da maganaɗisun tsohuwar sifika ba wanda ya kama, Mars ba rabonmu.

Takardun kuma na kai wa limaminmu ya karanta min, Baba ka canka, sunayen wurare ne. Ta cikin hular an rubuta Rafin Gabas, ƙasa kuma ya sa damina, shekarar da aka haifi Sani. Ni ne Sanin. Guda 23 ne ke da takardarsu a jiki, sauran takardu 14 suna nan a ambulan ban san na wane dutse ba ne. Dilan ya kira ɗazu ya ce ya ƙara zuwa dubu 150, na ce masa ana shawara.

Baba in ba damuwa ina so in shigo Jos ran Asabar in kawo maka ka gani da idonka. Na kan uwar shi ma in taho da shi ko hoto ya isa?

BabaTofas_Jos ya rubuta:

Daga 60 zuwa 150 a kwana uku, ka ga ya san abin da ya gani. Ka zo, ka turo min saƙo ta akwati in ba ka kwatance, kuma zan haɗa ka da mutum biyu ban da ni don kar ka dogara da bakina kaɗai. Ka taho da shi, har da gutsattsarin ukun da aka fasa da duk ɓarɓashin da kuka share in bai ɓace ba, da ambulan ɗin takardun, wataƙila in na ga launin ƙasar da ke jikinsu in iya mayar da wasu mazauninsu. Kowanne ka naɗe shi daban da tishu mai kauri, na kan uwar ka sa shi a roba mai murfi ka cusa tsumma ta ko'ina har ya daina motsi, kuma ka riƙe shi a cinyarka, kar ka ba kwandasta ya jefa a but, ka san hawan Akwanga zuwa Jos.